Me ya sa tsohon doki ke cika filin tsere alhali zakara ya tafi hutu yana shekara uku?

Tambaya: Malam, ina bibiyar tseren dawaki na ƙasashen waje a talabijin da YouTube. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, sai doki ya yi fice shekara guda, kafin in riƙe sunansa an ce ya yi ritaya yana da shekara uku ko huɗu. Wani kuma yana shekara goma ana ta fito da shi, jama'a na cika fili dominsa ko da ba shi zai ci ba. Barin tsohon doki a fage ba zalunci ba ne? Me ma wasan ke samu daga gare shi?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin ka dubi shekarun dokin, fara duba ko ingarma ne ko dandaƙaƙƙe. Rabin amsarka na nan. Wanda ka ga an janye shi da wuri kusan kullum ingarma ne, wanda kuma ya daɗe a fage har ya yi furfura yawanci dandaƙaƙƙe ne, wani lokacin goɗiya. Kuɗi ne ke raba su.

Dawakin da ake wannan tsere da su jinsi ɗaya ne, ana kiransu Thoroughbred, kuma dokar littafin asalinsu ta ce ba a yi wa ɗan doki rajista sai in ingarma ya hau goɗiya da kansa. Ba a karɓar na allura. Saboda haka ingarman da ya yi suna ya zama rijiyar kuɗi, kowace goɗiya da aka kawo masa sai an biya. Ɗauki Flightline na Amurka. Sau 6 kacal ya yi tsere, ya cinye duka, aka janye shi a ƙarshen 2022. A watan Nuwamba na shekarar aka yi gwanjon kashi 2.5 cikin ɗari na mallakarsa a Keeneland, aka saya dala miliyan 4.6. Kuɗin barbararsa a shekarar farko dala 200,000 ne kowace goɗiya. Yi lissafi da kanka: a ce goɗiya 150 a shekara, dala miliyan 30 ke nan, yana tsaye a barga yana cin abinci. Gasar da ta fi kowacce tsoka, Saudi Cup da aka fara a 2020, dala miliyan 20 ce gaba ɗaya, wanda ya zo na ɗaya ya ɗauki miliyan 10, kuma sai ya yi gudun da zai iya karya masa ƙafa. Wane mai doki ne zai ga wannan lissafi ya sake ɗaura sirdi? Ba yau aka fara ba. Secretariat, wanda ya ci gasar Belmont ta Amurka a 1973 da ratar tsawon doki 31, tun kafin ya fara tseren wannan shekara an riga an raba mallakarsa kashi 32 a kan dala miliyan 6.08, da yarjejeniyar zai bar fage a ƙarshen shekara. Justify ya ci manyan gasanni uku na Amurka a 2018, amma duk rayuwarsa ta tsere ba ta cika wata huɗu ba.

Abin haushin shi ne, doki bai gama ƙosawa a shekara uku ba. Ƙarfinsa da gudunsa na kai maƙura tsakanin shekara huɗu da biyar, shi ya sa ma in ɗan shekara uku zai kara da manya ake rage masa nauyin da zai ɗauka. Wato 'yan kallo na rabuwa da zakara tun kafin su ga iyakarsa.

Dandaƙaƙƙe ba shi da wannan kasuwa. Abin da zai kawo wa mai shi a fage zai kawo shi, don haka yana nan bana, yana nan baɗi. A nan ne abin da kuɗi ba ya saye ke shigowa, wato sabo. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka, kuma ban san wasan da maganar ta fi dacewa da shi kamar wannan ba. Mai son ƙwallo yana da kulob ɗin da zai bi shekara hamsin, 'yan wasa su zo su tafi, riga na nan. Tseren doki ba shi da kulob. Dokin ne kulob ɗin. In ya tafi bayan wata shida, ɗan kallo ba shi da abin riƙewa.

Amurkawa sun ga haka da Kelso, wanda aka zaɓa gwarzon shekara sau biyar a jere, daga 1960 zuwa 1964, sannan Forego, wanda ya zo na huɗu a bayan Secretariat a Kentucky Derby ta 1973 amma ya ci gaba da gudu har 1978, shekara biyar bayan Secretariat ya koma gona. Wanda na fi so a cikinsu shi ne John Henry. Asalinsa ba wani abin faɗa ba ne, dala 1,100 aka sayar da shi yana ɗan shekara ɗaya, ga gajarta, ga mugun hali, yana cizon mutane, har aka dandaƙe shi ko zai yi sanyi. Bai yi wani sanyi ba. Ya yi ta sauya hannu har wani ɗan kasuwa mai sayar da kekuna, Sam Rubin, ya saye shi dala 25,000 a 1978. Wannan doki ya yi tsere 83, ya ci 39, ya tara sama da dala miliyan 6.5. Ya ci Arlington Million ta farko a 1981, ya dawo ya sake ci a 1984 yana shekara 9, aka kuma naɗa shi gwarzon shekara. Bayan ya bar fage ya zauna a Kentucky Horse Park sama da shekara ashirin mutane na zuwa gaishe shi, har ya mutu a 2007 yana da shekara 32. Da ingarma ne, da labarinsa ya ƙare tun kafin ya fara daɗi.

Amma in kana son ganin abin da tsohon doki ke yi wa wasan a aikace, je Ingila ka dubi Red Rum. Tseren tsallake shinge duniyar dandaƙaƙƙu ce, dawakinsa ba sa kai ganiya sai sun shekara bakwai zuwa goma, shi ya sa taurarinsa ke daɗewa. Red Rum yana da ciwon ƙashi a kofato lokacin da Ginger McCain ya saye shi a 1972. McCain dillalin tsofaffin motoci ne a garin Southport, bargarsa na bayan shagon motocin, ba shi da filin atisaye sai yashin bakin teku, kuma ana danganta sauƙin da ƙafar dokin ta samu da wannan yashi da ruwan gishiri. Gasar Grand National a lokacin ta haura kilomita 7, da tsallake 30. Red Rum ya ci a 1973 bayan ya kamo Crisp a dab da layi, ya sake ci a 1974, ya zo na biyu a 1975 da 1976. Mutane suka ce shi ke nan, tsufa ya zo. Sai ga shi a 1977, yana shekara 12, ya ci karo na uku da ratar tsawon doki 25. Har yau babu dokin da ya maimaita haka.

Yanzu dubi halin da gasar ke ciki a waɗannan shekaru. An sayar da filin Aintree, inda ake yin gasar, ga wani mai gine-gine a 1973, aka tsawwala kuɗin shiga, 'yan kallo suka ja baya, kowace shekara ana raɗe-raɗin ita ce ta ƙarshe. Ba zan ce doki ɗaya ne ya ceci filin ba, don sai da wani kamfanin caca ya karɓi gudanar da gasar, daga baya Jockey Club ta sayi filin a farkon shekarun 1980. Amma dalilin da ya sa talakan Ingila, wanda bai taɓa riƙe linzami ba, ya ji ba zai yarda gasar ta mutu ba, Red Rum ne babba a ciki. Bayan ya yi ritaya a jajibirin gasar 1978 saboda tsagewar ƙashi, sai ya koma buɗe manyan kantuna, ana gayyatarsa kamar wani basarake. Da ya mutu a 1995 yana shekara 30, a gindin layin ƙarshe na Aintree aka binne shi. Desert Orchid, kilin nan da ya ci babbar gasar tsallake shinge ta King George sau huɗu, har ƙungiyar masoya gare shi.

Jafan ta kai abin wani mataki. Oguri Cap ya fito ne daga ƙaramin filin Kasamatsu, irin wanda manya ke rainawa, ya shigo babban fage ya yi ta kayar da 'ya'yan gata. A kakar 1990 ya zo na 6 a wata babbar gasa, ya zo na 11 a Japan Cup, kowa ya ce ya ƙare. Tserensa na bankwana shi ne Arima Kinen a filin Nakayama, shahararren mahayi Yutaka Take a kansa, mutum sama da 170,000 a fili. Ya ci. Jama'a suka yi ta kiran sunansa da murya ɗaya. Zamaninsa ne ya jawo 'yan mata da matasa filin da a da ake yi wa kallon matattarar 'yan caca, ana sayen 'yar tsanarsa kamar me.

Sai kuma labarin da ke rushe duk wani lissafi, Haru Urara. Goɗiya ce a filin Kochi, wanda bashi ya yi wa katutu har ana maganar rufe shi. Ta yi tsere 113, ba ta ci ko ɗaya ba. A 2003 jaridu suka ɗauki labarinta, a lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya daɗe a kwance, mutane da yawa sun rasa aiki, sai suka ga kansu a jikin wannan goɗiya da ke faɗuwa tana sake fitowa. Har tikitin cacarta aka mayar laya ta tsarin haɗarin mota, saboda a yarensu kalmar da ke nufin tikiti bai ci ba ita ce kuma ke nufin ba a buge ka ba. A watan Maris na 2004 Yutaka Take ya zo ya hau ta, mutum kusan 13,000 suka cika ƙaramin filin, ta zo ta 10 cikin 11. Kuɗin da suka shigo a wannan zamani sun taimaka wa filin ya ja numfashi, kuma yana nan har yau. Ka ga ashe ba gudu kaɗai ake zuwa kallo ba.

To, mu zo ga zalunci, don tambayar na da nauyi kuma ba na son in shafa mata mai.

Tsufa na da alamominsa a jikin dokin tsere. Babbar jijiyar da ke bayan ƙwaurin ƙafar gaba tana aiki ne kamar roba, tana miƙewa tana dawowa a kowane taku, kuma da shekaru tana rage laushi, ƙananan yagewa na taruwa a ciki. Gaɓar da ke saman kofato tana cinyewa. Ƙashi na yin ƙananan tsagu da ido ba ya gani, in ba a ba shi hutu ya gyara kansa ba, wata rana sai ya ɓalle a tsakiyar gudu. Da yawansu kuma na zubar da jini a huhu in sun yi gudu mai tsanani, abin yana ƙaruwa da yawan tsere. Amma lura, kusan duk waɗannan sun fi alaƙa da yawan aikin da aka ɗora wa jiki da ƙarancin hutu fiye da adadin shekaru. Akwai ɗan shekara huɗu da ƙafafunsa suka riga suka tsufa, akwai ɗan shekara goma sha ɗaya da ke garau. Ɗan shekara uku ma na karyewa a fage. Don haka ni ba na yanke hukunci da shekara. Ina duba abu uku ne a tare: me hoton ƙafa da gwajin likita suka nuna, shin dokin na cin abinci yana ɗokin fita atisaye, sannan a wane aji ake sa shi.

Kauto Star misali ne na yadda 'yan kallo ke kuskure ta ɓangaren tausayi. A watan Mayu na 2011 mahayinsa ya tsayar da shi a tsakiyar tsere a Punchestown, aka yi ca a kan mai horar da shi, Paul Nicholls, cewa ya bar dattijo ya huta. Nicholls da ke ganinsa kullum safiya ya ce da sauransa. A Nuwamba dokin ya ci Betfair Chase, ranar 26 ga Disamba ya ci King George karo na biyar yana shekara 11, ya doke Long Run mai shekara 6. Waɗanda suka ce a janye shi su ne suka fi kowa ihu ranar. Da ya gaza a babbar gasar Gold Cup ta filin Cheltenham a 2012, aka tsayar da shi, bai sake tsere ba. Wannan shi ne yin abu daidai: a saurari dokin, a tsaya ranar da ya ce ya isa.

Ɗaya gefen kuma akwai shi. Best Mate, mai Gold Cup uku a jere, ya faɗi ya mutu a filin Exeter a 2005 yana shekara 10. Many Clouds, wanda ya ci Grand National ta 2015, ya doke Thistlecrack a Cheltenham a Janairun 2017, yana tsallake layi da 'yan daƙiƙu ya faɗi, jini ya ɓalle masa a huhu. Shi ma shekararsa 10. Duka biyun suna hannun masu kula, an kuma duba su. Wanda duk ya ce maka wasan nan ba shi da haɗari ga doki, yaudararka yake yi.

Sai dai in zalunci kake nema, ba wajen taurari za ka fi samunsa ba. Tauraro idon duniya na kansa, mai shi na tsoron abin kunya. Wanda ke shan wahala shi ne tsohon dokin da ba wanda ya san sunansa. A Amurka akwai ajin tsere da kowane doki ke shiga da farashi a kansa, duk mai lasisi na iya saye shi kafin a tashi. Doki ya fara a ajin dala 50,000, ƙafa ta fara ciwo a sauke shi zuwa 20,000, daga nan 5,000, kowane sabon mai shi na neman fanshe kuɗinsa kafin ya miƙa wa na gaba. Wannan gangara ita ce abin tsoro, kuma ba a haska ta a talabijin.

Su ma masoya ba kullum suke da gaskiya ba, don so kan rufe ido. Tiger Roll, mai Grand National biyu, ya yi tserensa na ƙarshe a Cheltenham a Maris 2022 yana shekara 12. Yana gaba har dab da layi sai Delta Work, abokin bargarsa kuma na mai gida ɗaya, ya wuce shi. Wasu 'yan kallo suka yi wa wanda ya ci ihun tir. Na fahimci zafin, amma da mahayin ya ja linzami don a faranta wa jama'a, da ya karya dokar wasan, kuma da nasarar ba ta da daraja. Zenyatta ma haka ta sha kashi da ratar kai guda a tserenta na 20 kuma na ƙarshe a 2010, bayan ta ci 19 a jere. Masu ita sun iya janye ta a 2009 da tarihinta tsaf, suka bar ta ta ƙara shekara. Ni a wurina sun kyauta wa wasan, kamar yadda masu Winx ta Ostareliya suka bar ta har 2019, ta ci 33 a jere. Goɗiya ɗa guda take haifa a shekara, don haka jinkirin shekara ɗaya bai kai asarar ingarma ba, shi ya sa ake samun masu wannan ƙarfin hali.

Saura abin da ke biyo bayan tafi da ihu. Doki na iya rayuwa shekara 25 zuwa 30, ko wanda ya daɗe a fage yana da sauran shekara goma sha biyar ko fiye na ci da sha da magani, ba ya kawo ko kwabo. A nan wasan ya daɗe yana cin moriyar ganga yana yada kwaurenta. Ferdinand ya ci Kentucky Derby a 1986, ya zama gwarzon shekara a 1987, aka sayar da shi Jafan don barbara. 'Ya'yansa ba su yi abin kirki ba, kuma binciken da wata 'yar jarida ta buga a 2003 ya nuna cewa a mahauta ya ƙare a 2002. Kafin shi, Exceller, wanda ya taɓa doke zakaru biyu Seattle Slew da Affirmed a tsere ɗaya, an yanka shi a Suwidin a 1997. Lura da cewa duka biyun ingarmu ne. Kasuwar barbarar da ke ɗauke doki daga fage da wuri ita ce kuma ke watsar da shi in bai biya ba.

Fushin masoya ne ya kawo gyara, ba alherin masu kuɗi ba. A 2003 wani tsohon ɗan jarida, Michael Blowen, ya kafa gidan hutun dawaki na Old Friends a Kentucky, wanda ke rayuwa da gudunmawar jama'a da kuɗin masu ziyara, kuma a 2014 aka dawo da Silver Charm, zakaran Derby na 1997, daga Jafan zuwa can. Masu sayar da ingarmu ƙasar waje suka fara sa sharaɗin cewa in an gama da doki suna da damar sake sayensa, kamar yadda aka yi wa California Chrome a 2019. Birtaniya na da ƙungiyar sake horar da tsofaffin dawakin tsere tun 2000, Amurka ta kafa ƙungiyar tantance gidajen hutu a 2012, kusa da Melbourne kuma akwai Living Legends inda ake zuwa ganin tsofaffin zakaru. Duk da haka, rahoton gidan talabijin na ABC a Ostareliya a 2019 da na BBC a 2021 sun nuna dawakin tsere a mahauta, don haka ramin bai cike ba.

A nan ne tsohon tauraro ke yin aikinsa na ƙarshe, shi ke ciyar da 'yan'uwansa marasa suna. Nice Nature na Jafan bai taɓa cin babbar gasa ta ajin farko ba, an san shi ne da zuwa na uku a Arima Kinen shekara uku a jere, 1991 zuwa 1993. Ƙungiyar kula da dawakin da suka yi ritaya ta riƙa tara gudunmawa da sunansa duk ranar haihuwarsa. A 2021, bayan fitowar wasan waya na Uma Musume da ya mayar da tsofaffin dawakin ƙasar 'yan wasan zane, an nemi yen miliyan 2, aka samu sama da miliyan 35, da yawa daga matasan da ba a haife su ba lokacin da yake gudu. Kuɗin sun tafi ne wajen ɗaukar nauyin wasu dawakin, ba shi kaɗai ba. Ya mutu a Mayun 2023 yana shekara 35. Haru Urara ma ta samu irin wannan gata, masoya daga ƙasashe daban-daban na aika mata kuɗin ɗanyar ciyawa a gonar da take zaune a yankin Chiba, har ciwon ciki ya ɗauke ta a Satumban 2025 tana da shekara 29.